Ranar da Aka Titsiye Kaka

Na san ban kai shekarun masu tuna baya ba. Mai furfura ne ya kamata ya zauna ya ce "a da can", ni kuwa bara waccan na gama sakandare. Amma sati uku ke nan ina jin kamar an kwashe ƙuruciyata a buhu an ɗora a lori, an tafi da ita inda ban sani ba. Gidan yana nan, mutanen gidan suna nan, ni ce dai in na waiwaya sai in ga komai ya yi nisa. Har yanzu in wani ya danna kan biro kusa da ni, ƙas-ƙas, sai in tashi daga wurin. Da fensir nake rubuta wannan. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ba zan faɗi sunan kowa ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

A unguwar Moshi Zango da ke Tamale na tashi, a hannun kakata, uwar Babana. Ina da shekara huɗu Baba ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Kumasi, Mma, mahaifiyata, ta sake aure ta koma unguwar Choggu, aka bar wa Kaka ni. Koko take sayarwa a bakin titi tun kafin a haifi Baba, don haka ƙuruciyata duk ƙamshin gasara ce da citta da kanumfari. Aikina shi ne riƙe mata bakin matata tana tacewa, da wanke ƙore, da tsaron famfo. In famfon lungunmu ya yi tari, ya fara fitar da iska, ni ce mai ihu, sai ka ga mata sun fito da jarkoki rawaya suna bugun juna. Da safe matan Dagomba masu kai itace kasuwa za su wuce su ce "Dasiba", ina kwanansu ke nan, Kaka ta ja "Naa" ɗinta ba ta ko ɗaga kai daga tukunya ba. Ranar Juma'a makaɗa su bi layi da kalangu, ta miƙa musu koko a ƙwarya su sha a tsaye. A lokacin mutum yakan tsuguna ya sha kokonsa, ya ba da labari, ya ajiye ƙwaryar. Yanzu a leda ake ƙulle shi, mai yalo-yalo ya miƙo hannu daga cikin kekensa mai ƙafa uku ya fizge ya wuce, ko gaisuwa babu.

A gidan nan na fara jin kalmar titsiye, kuma a wurina kalmar gida ce, kamar tsintsiya ko murhu. Kaka ba ta duka. In sukari ya ragu, ko ƙosai ya yi ɓatan dabo, ba za ta ce komai ba sai ta tashi daga kasuwa, ta yi azahar, mun ci abinci. Sannan ta shimfiɗa tabarma gindin dogon yaro, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ƙawa, zo in titsiye ki." Ƙawa take ce mini. Sai ta ɗora ƙafafuna biyu kan cinyarta, ta riƙe yatsun.

"Wa ya buɗe gwangwanin sukari?"

"Tururuwa, Kaka."

"Ikon Allah. Tururuwan zango har murfi suke mayarwa?"

"Su ne."

"To in kin gan su ki gaishe su. Ki ce musu sun bar sawun yatsa huɗu a ciki."

Duk wannan ba fuskata take kallo ba, ƙafata take kallo. In na yi ƙarya yatsun ƙafata sukan lanƙwashe da kansu, ban taɓa iya hana su ba. Takan ce bakina ya iya ƙarya amma yatsun ƙafata Musulmi ne. Da na amsa laifi, sai ta ja kunnena sau ɗaya, ta kwance haɓar zani ta miƙo mini ƙuli-ƙuli. Ta ce faɗin gaskiya aiki ne mai nauyi, wanda ya yi shi dole a sa masa wani abu a baki. Kuma titsiyenta yana da ƙa'ida. Ba ta titsiye mai jin yunwa, ba ta titsiye mutum yana tsaye, in kuwa baƙo ya yi sallama, magana ta mutu sai ya tafi.

Da kun tambaye ni ma'anar kalmar a lokacin, da na ba ku amsa irin ta 'yan sukul. Tambaya kana iya cewa ba ka sani ba ka wuce abinka. Bincike, kaya da takardu ake yi wa. Tuhuma zato ne ake ɗora maka. Titsiye kuwa a tsare ka ne a matse, a toshe duk ƙofa a bar ɗaya, wadda mai tambayar yake so ka bi. A rediyon Kaka mukan ji an ce an titsiye wani babban ma'aikaci yini guda kan kayan gwamnati, sai ta buga ludayi a gefen tukunya ta ce, "Madalla! A riƙe masa ƙafa da kyau!" Mu yi ta dariya. Na tashi da zaton cewa titsiye ba ya sauka sai kan wanda ya yi wani abu.

Abu biyu Kaka ta koya mini da ba a koyarwa a sukul. Na farko, asali. A zango in babba ya tambaye ka ɗan ina ne, ba inda aka haife ka yake nufi ba, wannan kowa ya sani. Inda kakannin kakanninka suka taso yake nufi. Tun ina ƙarama in baƙi suka zo, Kaka takan ce, "Ƙawa, gaya musu ke 'yar ina ce." In ce, "Katsina," a yi tafi. Babu mai rai a gidanmu da ya taɓa ganin Katsina. Kakan kakana ne ya zo da ayarin fatake, ya zauna, ya mutu a nan. Kaka kanta a cikin zangon nan aka binne cibiyarta. Amma Katsina ake cewa, maƙwabcinmu ya ce Wagadugu, na gaba ya ce Barno, kowa ya shiga ɗakinsa a Tamale ya kwanta.

Na biyu, kunyar suna. Kaka ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba. Ya rasu kafin a haife ni, kuma duk zango Malam Mai Goro ake ce masa, ita kuwa "Malam" kawai, ko "Marigayi". Babana shi ne ɗanta na fari, shi ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. "Yaron nan" take cewa. Akwai wani mai gyaran babur a layinmu mai sunan Baba, shi ma sunansa ya haramta a bakinta, "mai babur" take ce masa. Ina ƙarama nakan tsokane ta, in ce, "Kaka, ya sunan Babana?" Ta ce, "Je ki tambayi wanda ya raɗa masa." Ba ƙi ba ne, ba mantuwa ba ce. Na daɗe kafin na gane cewa sunayen nan biyu su ne kaɗai abin da take da shi wanda ba ta taɓa fitar da shi bakin titi ba.

To, bana aka ɗauke ni makarantar koyon aikin nas. Sau biyu ina nema ana ƙi, sai bana. Suka ce kafin ranar Juma'a in kawo takardar shaidar cewa ni 'yar ƙasa ce, in ba haka ba su ba wani gurbin. Ranar Talata na tafi ofishin da fom ɗina a cike, da takardar haihuwata, da sakamakon jarrabawa. Ofisan matashi ne, rigarsa a goge, ba ɗan arewa ba ne. Ya duba fom, yana danna biro, ya tambaye ni da Turanci daga ina nake. Wallahi bakina ya riga hankalina. Na ce, "Katsina."

Ya ajiye fom ɗin.

Nan take na ce a'a, Tamale, a nan aka haife ni, ga takarda. Ya ce wanne ne gaskiya, na farko ko na biyu? Na fara yi masa bayanin asali, ya ɗaga hannu. Aka kai ni wani ɗaki a baya, mai tebur ɗaya da kujera ɗaya, kujerar tasa ce. Daga hantsi har la'asar ina tsaye, ban karya ba. Tambaya ɗaya yakan yi ta sau biyar, ya fita, ya dawo, ya sake yi kamar bai taɓa ji ba. Yaushe kika shigo ƙasar nan? Ta wace boda? Wa ya yi miki takardar haihuwa? In 'yar Tamale ce ke, me ya sa Hausa kuke yi a gida? Ya karɓi wayata ya yi ta ja, ya ga saƙonnin Hausa, ya girgiza kai. Ya sa na ƙirga ɗaya zuwa ashirin da Dagbanci, harshen Dagomba, ni da nake cinikin koko da shi kullum, na kai sha uku na kakare. Mutane suna leƙowa ta ƙofa suna kallo. Ya ce shin na san ƙarya a fom ɗin gwamnati ɗauri ne? Can ya ce, ya sunan kakana na wajen uba?

Na ce, "Malam Mai Goro."

Ya ce goro ba suna ba ne, sana'a ce. Ya sunansa?

 Ban sani ba. Shekara ashirin da ɗaya ina kwana a gidan mutumin, ban taɓa jin sunansa ba, ban kuma taɓa jin akwai abin da na rasa ba sai ranar.

Ya ce in kawo wani daga dangin uba, na jini, ya zo da kansa ranar Alhamis. Ba liman ba, ba wasiƙar sarkin zango ba, ba uwa ba. Ya ce zai ji sunayen daga bakin mutumin. Dangin uban da ya rage mini mutum ɗaya ne.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Da na dawo gida na gaya wa Kaka komai, har da ƙirgan Dagbanci, ban da abu ɗaya. Ban gaya mata za a tambaye ta suna ba. Ta ce, "Me za su ce in yi?" Na ce, "Ba komai, Kaka, ganinki kawai za su yi, ki ce ke kika raine ni." Muna zaune kan tabarma, na cire takalmi. Ta ce, "To." Na ji tsoron in na faɗa ta ƙi zuwa, gurbina ya tafi. Wannan ce gaskiyar.

Ranar Alhamis ba ta dama koko ba, abin da ban taɓa gani ba sai ranar rasuwa. Ta yi wanka, ta ɗaura zanin da take zuwa Idi da shi, muka hau yalo-yalo. A ofis aka kawo tafinta, wani dattijo Badagombe mai furfura da ke aikin masinja a wurin. Yana ganin Kaka ya rusuna ya ce, "Mma, kai ne? Kokonka na sha har na gama sukul." Irin Hausarsu ta kasuwa, kowa "kai" ne. Kaka ta yi murmushi ta tambayi iyalinsa. Ya tashi zai ɗauko mata benci, ofisa ya ce ba daɗewa za a yi ba. Haka tsohuwa ta tsaya, hannunta ɗaya a kafaɗata.

Tambayoyin farko ta amsa su tsaf. Inda aka haife ta, gidan wa, wane sarkin zango ne a lokacin. Har ta faɗi inda kasuwa take kafin a matsar da ita. Sai ofisa ya danna biro ya ce a tambaye ta sunan mijinta.

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Mma, wai sunan maigida."

"Malam."

"Wai Malam wa?"

"Malam Mai Goro. Ka san shi ai, ɗan nan. Duk zango an san shi."

Dattijon ya juya ya yi wa ofisa bayani da Turanci, a hankali, cewa tsofaffinmu ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari, su ma Dagomba suna da irin wannan kunyar. Ni kuma na yi sauri na ce na tambayi liman jiya, na san sunan yanzu, ga shi ma na rubuto. Ofisa ya ce ba ni ake tambaya ba. Ya ce nan ofis ne, ba ƙauye ba. Ya ce ya sha ganin yadda ake hayar tsofaffi a zango a kawo su shaida. Macen da ba ta san sunan mijinta ba, ba mijinta ba ne. Wadda ba ta san sunan ɗanta ba, ba ita ta haife shi ba.

Dattijon bai fassara ba. Amma Kaka ta dube ni, ta dube shi.

"Me ya ce?"

"Mma, bari kawai."

"Da kokona aka raine ka. Faɗa mini abin da ya ce."

Ya faɗa mata, idonsa a ƙasa. Na ji yatsunta sun nutse a kafaɗata. Na ce, "Kaka, mu tafi. Na fasa. Wallahi na fasa, zan nemi wani abu." Ta ce, "Yi mini shiru." Ta gyara mayafinta, ta dubi ofisan nan da bai kai ɗanta ba a haife, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce mini, "Ƙawa, toshe kunnenki."

Na sa yatsu a kunne. Amma ɗakin ƙarami ne, na ji.

Sunan Malam ta faɗe shi da sauri, kamar mai haɗiye magani. Na Baba ne ya ƙi fitowa.  Da ya fito, bai fito kamar amsa ba. Ya fito kamar kira, irin kiran da uwa take yi wa yaro in ya yi nisa da gida magariba ta gabato. Shekara goma sha bakwai yana kabari, kuma ranar ce uwarsa ta fara kiransa, a tsaye, cikinta babu komai, a gaban baƙi, ƙofa a buɗe mutane suna leƙe. Dattijon ya juya ya fuskanci bango.

Ni kuwa idona yana kan hannun ofisa. Biro bai taɓa takarda ba. Bai rubuta sunan Malam ba, bai rubuta na Baba ba, bai ko duba takardar da na rubuto ya gwada ba. Ya jawo hatimi ya buga a fom ɗina, ya tura mini, ya ce a kira na gaba. Ashe ba sunayen yake buƙata ba. So yake ya ga an faɗa.

Ranar na san ma'anar titsiye, ba wadda na ba ku a sama ba. Na Kaka, tana riƙe ƙafarka ne don ta san a ƙarshe gida ɗaya za ku kwana. Na ofis ba ya neman gaskiya, don gaskiyar tana kan tebur tun ranar Talata. Kuma ba sai ka yi wani laifi ba. Yanzu in rediyo ya ce an titsiye wani, ko da ɓarawo ne, sai in ji ina tunanin ko an ba shi kujera. Kaka kuwa takan miƙa hannu ta rage murya.

Na kai takardar ranar Juma'a da safe, gurbina ya tabbata, sati mai zuwa zan tafi. Maƙwabta suna ta zuwa barka. Har yanzu in baƙuwar lamba ta kira ni, nakan bar wayar ta yi ta ƙara, don gani nake cewa za a yi in dawo an ga kuskure. Wata 'yar maƙwabta aka tambaya gabana 'yar ina ce, ta ce Barno, aka yi dariya, ni kuwa na daka mata tsawa har uwarta ta ji haushi. Na kuma duba katin asibitin Kaka, irin wanda za a koya mini cikewa. Layi na huɗu, sunan miji.

Ranar Alhamis ɗin ni da Kaka muka dawo tare. Muna shiga gida ta ɗauki buta ta kurkure baki sau uku, ta shiga ɗaki ta ja labule. Washegari ta dama kokonta kamar kullum. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta canja mini fuska ba. Abu ɗaya ne ya canja, ta daina tambaya. Ko "ina kika je" babu. Na jira ta kira ni gindin dogon yaro, kwana goma, shiru. Na gaji, na buɗe gwangwanin sukarinta na kwashi rabi, na bar murfin a ƙasa inda za ta taka. Ta ɗauka ta rufe.

Jiya bayan azahar na shimfiɗa tabarmar da kaina. Tana zaune tana tsince gero, na zauna gabanta, na cire takalmi, na ɗora ƙafafuna kan cinyarta.

"Kaka, titsiye ni."

"Na daina, ƙawa. Na ga yadda yake daga ɗaya gefen."

"To ni zan faɗa. Na san za su tambaye ki sunayen. Tun ranar Talata na sani, na ɓoye miki."

Ba ta ɗaga kai daga geron ba. Ta ce, "Na san kin sani. Ba takalmi a ƙafarki ranar."

Na zauna ina jira ta ja kunnena. Na jira ta kai hannu haɓar zani. Ta sauke ƙafafuna daga cinyarta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye su kan tabarma, ta ci gaba da tsince geronta.